Amsa ga 'yar'uwar da gashi ke fito mata a haɓa

'Yar'uwa, kin ce gashi na fito miki a haɓa da ƙirji, har kina jin nauyin shiga taron biki. Ki kwantar da hankalinki, mata da yawa a nan Gombe na fama da shi, ɓoyewa kawai suke yi.

Galibi sinadarin jikin namiji ne, wanda kowace mace ke da ɗan kaɗan, yake yin yawa. Abin da ya fi jawo haka shi ne matsalar ƙwan mace da likitoci ke kira PCOS, musamman in al'adarki na tsallake wata, ga ƙuraje, ga ƙiba. Wani kuma gado ne. Man bilicin mai sitiroyid ma yana sa shi, in kina shafawa ki gaya wa likita.

Aski ba ya ƙara wa gashi kauri, tsinin ne ke sa a ji haka. Halawa ta fi daɗewa, amma yawan tsigewa na iya barin baƙin tabo.

Ni dai shawarata, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya ki ga likitan mata, a yi miki gwajin jini da hoton mara. Maganin kan ɗauki wata 6 kafin a ga canji, wani kuma ba a shan sa da juna biyu. In gashin ya taso farat ɗaya, muryarki kuma ta fara kauri, kada ki jira, ki je a makon nan.