Wace na'urar fitar da kaki zan saya wa Mama?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta gama shan maganin tarin fuka shekara biyu ke nan, amma kullum da asuba sai ta kusa cika ƙaramin kofi da kaki. An yi hoto, an ce hanyoyin iskar huhunta sun buɗe, ba za su koma daidai ba. A kemis an nuna mini abin hurawa mai ƙwallaye uku. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alheri.

Kada ki sayi mai ƙwallaye ukun nan. Na zuƙar iska ne, wanda aka yi wa tiyata ake ba, ba ya motsa kaki. Raina na ɓaci in na ga an sayar wa mai irin larurar Mama shi.

Wanda take buƙata shi ne wanda in an hura yake ɗan tokare iskar, yana kuma girgiza ta har cikin ƙirji, kakin da ya manne ya saki. Akwai Flutter, akwai Acapella, akwai Aerobika. Flutter ƙwallon ƙarfe ne a cikinta, sai a zaune take aiki. Acapella da maganaɗisu take aiki, ko a kwance ana hura ta, shi ya sa na fi son ta ga dattijai. Ki lura da launin Acapella: koriya ta mai ƙarfin numfashi ce, shuɗiya ta wanda numfashinsa ya yi rauni.

Amma kafin ki fitar da kuɗi, ki kai ta a sake gwada kakin, a tabbatar tarin bai dawo ba, sannan likitan fisiyo, wato mai kula da motsa jiki da numfashi, ya koya mata hurawar a gabansa. Za ta ja iska fiye da yadda ta saba kaɗan, ta riƙe daƙiƙa 2 zuwa 3, ta hura a hankali na daƙiƙa 3 zuwa 4. Kumatu kada su kumbura. In suka kumbura, girgizar a baki ta tsaya. Ki ɗora tafin hannunki a ƙirjinta, za ki ji yana rawa. Bayan hurawa 10, ta ajiye, ta buɗe baki ta yi "haa" da ƙarfi sau biyu, kamar mai huci a kan madubi, sannan ta yi tari. Haka za ta yi ta maimaitawa na kamar minti 15, safe da yamma, kafin cin abinci. In tana da abin shaƙa mai buɗe ƙirji, shi za ta fara yi.

Bayan kowane amfani a wanke na'urar da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ta bushe sarai, don ƙwayoyin cuta na son danshi. Ba a aron ta, ko tsakanin uwa da 'ya. In kin ga jini a kakin, ko ƙirji ya soke ta farat ɗaya, ko zazzaɓi ya zo kakin ya ƙaru ya sauya launi, a dakata da hurawar, ku tafi asibiti a ranar.