Wane ne Paget Toynbee, masanin waƙoƙin Dante?

Malam, ka tambaya ko Toynbee da ake yawan ambata a littattafan nazarin Dante shi ne masanin tarihin nan. A'a, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Arnold J. Toynbee, mai tarihi, ɗan ɗan'uwansa ne. Wanda kake nema shi ne Paget Toynbee, Baturen Ingila da aka haifa a 1855, ya rasu a 1932.

Ya yi karatu a kwalejin Balliol ta jami'ar Oxford, daga baya ya duƙufa kan Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a Ravenna a 1321. Babban aikin Toynbee ƙamus ne na sunayen da ke cikin rubuce-rubucen Dante, wanda ya fito a 1898. Dante ya cika waƙoƙinsa da sunayen sarakuna, fafaroma, garuruwa da abokan gabarsa na Florence, waɗanda mai karatun yau bai san su ba. Toynbee ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ko su wane ne da inda aka ambace su. A ganina wannan haƙurin ya fi komai burgewa a rayuwarsa. Bayan rasuwar matarsa Helen a 1910, ya ci gaba da aikinta na tattara wasiƙun Horace Walpole, marubucin Ingila na ƙarni na 18.

Kada ka dogara da bugun ƙamus ɗin na 1898 kawai, nemi wanda Charles Singleton ya gyara a 1968. Ƙamus ɗin ma ba fassara ba ne, abokin karatu ne. In rubutun digiri kake yi, nemi malamin adabi da ya iya Italiyanci ya duba maka baitocin da za ka kawo.