Hukuncin ɓoye manufar bincike da gyara alƙaluma a ilimin halayyar ɗan'adam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a sashen ilimin halayyar ɗan'adam, ina binciken kammala digiri. Malamin da ke duba aikina ya ce kada in faɗa wa waɗanda zan yi gwajin da su ainihin abin da nake nema, domin in sun sani za su gyara halinsu, sakamakon ya lalace. Shin wannan ba ƙarya ba ce? Sannan wasu abokan karatuna, in lissafi bai ba su abin da suke so ba, sai su zubar da wasu amsoshin har ya zo daidai. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa karatunki albarka, 'yata.

Dalilin malaminki gaskiya ne. Mutum in ya san ana auna tausayinsa, sai ya nuna tausayin da ba shi da shi. Sai dai a bambanta yin shiru da shirga ƙarya. Ki ce da su, "Wannan bincike ne kan yadda mutane ke yanke shawara, akwai bayanin da sai an gama zan yi muku." In sun yarda a kan haka, ba ki yi ƙarya ba, ba ki yaudari kowa ba. An ruwaito daga Imrana bin Husaini, Allah ya ƙara masa yarda, cewa a cikin zance mai harshen damo akwai mafita daga ƙarya. Wannan ita ce tauriyya, kuma ta halatta in akwai buƙata, ba a kuma danne haƙƙin wani da ita ba.

Akwai ma abin da ya fi haka. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mata biyu da suka yi jayayya kan jariri, Annabi Sulaimanu, alaihis salam, ya ce a kawo wuƙa ya raba musu shi. Bai yi nufin yanka ba, so ya yi abin da ke zuci ya fito fili. Amma ki lura, shi alƙali ne, ana gab da raba uwa da ɗanta. Ɗaliba mai neman digiri ba ta cikin irin wannan larura. Don haka ina ganin ƙagaggen labari kai-tsaye bai halatta miki ba matuƙar tauriyya za ta wadatar, kuma galibi takan wadatar.

Inda haramci yake ƙarara shi ne cutarwa da firgitarwa. Kin san gwajin da masanin halayyar ɗan'adam Stanley Milgram ya yi a Jami'ar Yale ta Amurka a 1961. An ce wa mutane ana nazarin koyo ne, aka sa su danna makunnin da suka ɗauka yana jona wa wani lantarki, daga bolt 15 (ma'aunin ƙarfin lantarki) har zuwa 450, alhali babu lantarkin, mutumin kwaikwayo yake yi. Mutum 26 cikin 40 suka kai ƙarshe, da yawansu suna gumi, jiki na rawa. An samu ilimi, ba a musu. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani sahabi ya yi barci a tafiya, aka ɗauke masa igiya, ya farka a tsorace, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba. In an hana wannan, ina ga sa mutum ya zaci ya kusa kashe rai? Ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" kuwa ta haɗa har da wanda ba Musulmi ba. Haka gwajin kurkukun kwaikwayo na Jami'ar Stanford ta Amurka a 1971, inda aka raba ɗalibai fursunoni da gandirobobi, da aka shirya na mako biyu aka dakatar bayan kwana 6 saboda cutarwar da ta auku.

Saboda haka ki nemi yardarsu, ki bar wa kowa ƙofar fita, ki bayyana musu gaskiya da zarar an gama, wanda ya ce a cire amsarsa a cire. Sirrinsu amana ne. Izinin kwamitin ɗa'a na makarantarku ma ki nema, cika sharaɗi ne.

Tambayarki ta biyu ita ta fi tayar min da hankali, ko da yake ɗalibai sun fi raina ta. Zubar da amsoshi don kawai sun saɓa wa hasashen mai bincike algus ne, kuma Muslim ya ruwaito: "Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu." Wanda aka ɓoye wa manufa za a gaya masa bayan awa guda. Mai karanta sakamakon bogi fa, wa zai je ya gaya masa? A kan wannan sakamakon ake gina wani binciken, a ba marar lafiya shawara, a tsara tarbiyyar yara. A 2011 asirin Diederik Stapel, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Tilburg a Holan, ya tonu, an janye maƙalunsa sama da 50 saboda ƙagaggun alƙaluma. A 2015 kuma masana suka maimaita bincike 100 da aka wallafa, kusan kashi 36 cikin ɗari ne suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Ba duka ne ha'inci ba, kada a yi wa mutane ƙazafi. Wasu ƙarancin mutanen da aka gwada ne, wasu kuma son zuciyar da mai shi bai ma ankara da shi ba.

Cire amsar da ta lalace, kamar ta wanda ya cika takarda ba tare da karantawa ba, ya halatta in an kafa ƙa'idar tun kafin a ga sakamako, aka kuma faɗa a rahoto. Ki rubuta hasashenki da hanyar lissafinki ki miƙa wa malaminki kafin ki fara tattara bayanai. In sakamako ya ƙaryata hasashen, ki rubuta shi yadda ya zo. Abokan karatunki ki yi musu nasiha a keɓe.

Wallahu a'alam.