Tambaya da Amsa: Ruwan Tankin Kifina Baya Motsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina rubuto maka daga unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi. Ina da tankin gilashi na kifin ado mai cin lita 120, da ɗan injin tace ruwa a ciki, a jikin kwalinshi an rubuta lita 600 a awa. Matsalar itace ruwan gefen injin kawai ke motsi, can ɗaya kusurwar kashin kifi da ragowar abinci sai taruwa suke, kuma tunda zafi ya shigo in na tashi da asuba sai in tarar da kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Wani abokina yace in sayi babban inji. In saya ko akwai dabara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Lita 600 a tankin lita 120 kenan ruwan na bi ta cikin soson da ke cikin injin sau 5 a awa, kuma masu kiwon kifin ado sau 4 zuwa 5 ɗin suke nema dama. Injinka ya isa, inda yake zuba ruwan ne bai yi ba.

Buɗe bakin nan da suke da asuba kuwa ƙarancin iska ne, shi yafi damuna. Ruwa in yayi ɗumi baya riƙe oksijin sosai, a digiri 20 lita guda na ɗaukar wajen miligiram 9, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, to kai ka san yadda Afrilu da Mayu suke mana a garin nan, rana na wuce 40. Kuma iskar ta saman ruwa take shiga, in saman ya kwanta lum kamar ruwan randa to kifi na cikin wahala.

Ga abinda zaka yi. Fara zare wayar daga wuta kafin ka sa hannu a ruwa, don Allah kar ka raina wannan. Ka nemi siririn bututun roba wajen masu kayan pompo, tsawonshi ya kusa faɗin tankin, ka toshe baki ɗaya, ka huda ƙananan ramuka a jere. Ni ƙusa nake sawa a garwashi tayi ja in riƙe da filaya in huda, bayan nan in kankare bakin ramin da wuƙa saboda robar da ta narke tana toshe rabi. Yawan ramukan ma da lissafi: in tiyon da ke fitowa daga injin milimita 12 ne kuma ramukanka milimita 3, to ramuka 16 ne suke daidai da bakin tiyon, in ka yi ƙasa da haka ka shaƙe injin, in suka yi yawa ƙwarai ruwan zai riƙa tsiyaya ba ƙarfi. Fara da 16 ɗin, ƙari baya wuya amma rami in ya hudu ya hudu.

Sai ka haɗa shi da tiyon, ka manna shi a gajeren bangon da injin yake, ƙasa kaɗan da saman ruwa, ramukan na kallon ɗaya bangon sun ɗan ɗaga sama. Ruwan zai bi ta sama ya daki bango ya nutsa ya dawo ta ƙasa yana sharo dattin zuwa bakin injin. Kar ka sa gam wajen haɗa bututun da tiyon, cusawa kawai, don ka iya juya shi da cire shi ka wanke. Ka rage lanƙwasa, kowace kwana tana cin ƙarfin ruwa.

Gwaji: barbaɗa abinci kaɗan ka tsaya ka kalli inda yake bi. In kaga kifayen na fama da iyo ko sun laɓe bayan dutse, musamman masu dogon jela, ƙarfin yayi yawa, ƙara ramuka ko ka sa ɗan robine, wato kan pompo na rage ruwa, a wajen fitar ruwa, banda wajen shiga, nan ba'a matse shi. Soson kuma da ruwan tankin zaka wanke shi cikin bokiti, ruwan pompo akwai maganin da ke kashe ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin soson, waɗanda suke cinye dattin kifi.