Jini Yana Iya Nuna Yawan Radiyashan da Ya Ratsa Mutum?

Tambaya: Ƙanena yana aiki a wani kamfani da ke ɗaukar hoton waldar bututun mai da na'urar radiyashan. Makonni biyu da suka wuce, ƙwayar da ke fitar da radiyashan ɗin ta maƙale a wajen akwatinta, ya tsaya kusa da ita na wasu mintuna, kuma ranar bai maƙala bajon da ke auna masa radiyashan ba. An ce akwai gwajin jini da ke gano abin da ya shige shi. Gaskiya ne? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya, kuma tun shekarun 1960 ake amfani da shi. A kusan kowane nau'in ƙwayar halitta ta jikinmu akwai kuromosom 46, waɗanda ke ɗauke da bayanan gado. Idan aka kalle su ta madubin ƙara girma, kowanne yana da wani matsattsen wuri guda ɗaya kamar ƙugu. Radiyashan yana tsinka su, kuma yayin da jiki ke gaggawar ɗinkewa, wani lokaci sai ya haɗa guntayen kuromosom biyu da ba nasu ba, a samu guda ɗaya mai ƙugu biyu. A jinin wanda bai gamu da komai ba, kusan ɗaya ake gani cikin ƙwayoyi 1,000, kuma da wuya wani abu ya yawaita su in ba radiyashan ba.

Ana ɗibar jini kaɗan, a reni fararen ƙwayoyinsa na awa 48 da wani sinadari da ake samu daga jan wake domin su fara rabuwa, sannan a tsayar da su daidai lokacin da kuromosom ɗin suka fito fili. Daga nan masani zai zauna ya ƙirga ƙwayoyi 500 zuwa 1,000 ɗaya bayan ɗaya, ya gwada adadin masu ƙugu biyu da jadawalin da ɗakin gwajin ya tsara tun da farko. Ana ba da sakamakon da ma'aunin da ake kira gire. Gwajin yana iya gano kusan gire 0.1, alhali kimanin gire 4 a dukan jiki na iya kashe rabin waɗanda ya shafa idan babu magani. Da shi aka auna mutane da dama a Goyaniya ta ƙasar Barazil a 1987, inda masu tsince-tsincen ƙarafa suka fasa wata tsohuwar na'urar maganin daji mai sinadarin siziyom-137, mutum huɗu suka rasu.

Abin da ya fi damuna a batun ƙanenki shi ne lokaci. Waɗannan ƙwayoyi masu lahani suna raguwa a hankali domin ba sa jure rabuwa, saboda haka an fi so a ɗauki jinin cikin makonnin farko. Sannan a irin wannan aiki hannu ne ya fi shan wahala, kuma ƙunar radiyashan takan ɓoye kwanaki ko makonni kafin ta bayyana. Gwajin kan nuna alamar cewa wani sashe na jiki ne ya fi shan radiyashan, domin lahanin sai ya taru a ƙwayoyi kaɗan maimakon ya bazu, amma ba zai faɗi abin da yatsu suka sha daidai ba.

Ya je asibitin koyarwa yau ɗin nan, ya faɗa wa likita ranar, da tazarar da ke tsakaninsa da ƙwayar radiyashan ɗin, da ko ya yi amai a awannin farko, kuma a duba hannayensa da adadin fararen ƙwayoyin jininsa. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan ƙirga ba, don haka a sanar da hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya a Najeriya, ita ce za ta iya neman hanyar aika jinin, kuma wajibi ne kamfanin ma ya kai mata rahoto.