Sojojin wasa na gadon kaka: ya zan sa musu lamba ban ɓata su ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne. Bayan rasuwar kakanmu mun tarar da wani tsohon gwangwanin biskit a ƙasan akwatinsa cike da 'yan sojojin wasa, na ƙirga 140. Ance wani Bature da ya yi wa kuku a Ikoyi ne ya bar masa lokacin da zai koma gida. Wasu da nauyi, wasu roba ne, akwai kuma guda takwas baƙaƙen fata masu jar dara da nake zaton sojojinmu ne na da. Na fara manna musu salatif ina rubuta suna da alƙalamin maka, sai naga fentin ɗaya ya biyo salatif ɗin. Don Allah ya ake yi musu alama da rijista?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa.

Kafin komai don Allah ka ajiye salatif ɗin nan da makar, kar ka ƙara manna ko ɗaya. Wanda ka riga ka manna ma kar ka fizge, ka kama gefe ka ringa kwantar da shi baya a hankali, in kaga fenti na ɗagowa ka tsaya, ka yanke rarar da almakashi ka bar sauran a jiki. A wannan harkar fentin asali shine rabin kuɗin kayan, soja mai fentin kamfani ko ya koɗe ya fi wanda aka sake shafe shi yana ƙyalli, shi yasa in wani mai fenti ya ce zai gyara maka su ka ce masa na gode.

Toh ga yadda muke yi. Soja baya ɗaukar suna a jikinsa, lamba kawai yake ɗauka, duk sauran bayani yana cikin littafi. Kuma lambar kar ta faɗi komai akan sojan. Mutane da yawa suna fara ING-1, ING-2 wai na Ingila, FAR-1 na Faransa, bayan wata shida sai su gano ING-7 ashe ɗan Jamus ne, shikenan sai goge-goge, lissafi ya dagule. Tsarin da gidajen tarihi ke bi ya fi sauƙi: shekarar da kaya ya shigo hannunka, sai lambar zuwan, sai lambar shi kansa abin. Misali in a 2025 gwangwanin ya zo hannunka, shine zuwa na farko, sojojin ciki su zama 2025.1.1, 2025.1.2 har zuwa 2025.1.140. Gobe in ka tsinci guda biyar a gwanjon Katangowa, su ne 2025.2.1 zuwa 2025.2.5. Lamba in ka bayar ta zauna kenan, ko sojan ya ɓace ko ka sayar ba a ba wani, sai dai ka rubuta a gabanta "an sayar" da kwanan wata. Hannun da ya cire ko bindigar da ta karye ka sa a 'yar leda da lambar mai ita. Shi kansa gwangwanin ka ba shi lamba, don yana cikin labarin.

Ina ake sa lambar? Yanki 'yar takarda mai kauri kamar girman farcen yatsa, ka huda, ka rubuta lamba da fensir, ka ɗaura da farin zaren auduga a ƙafar sojan, sako-sako ba ɗaurin goro ba. Fensir na ce ba biro ba, saboda tawadar biro a laimar Legas tana narkewa ta ɓata abin da ta taɓa. Kar ka sa kyauro, wato robar ɗaure kuɗi, tana narkewa ta liƙe. A gidajen tarihi akwai wani ruwa mai suna Paraloid B-72 da ake shafa ɗan kaɗan a ƙarƙashin gindi, ya bushe, a rubuta lamba a kai, a sake rufewa, amma da wani sinadari mai suna asiton ake narka shi kuma asiton na cin fenti da wasu robobin, ni bana ba sabon hannu shawarar ya fara da shi. Masu cewa a sa jan farce mara kala a madadinsa kuma ka rabu da su.

Yanzu littafin, nan ne aikin yake. Sayi littafi mai kauri irin na rijistar makaranta, kowane soja layinsa, in kana so ka kwafa a Google Sheets, amma na takardar ya zauna a gida, wayar da ke shiga danfo ta bi ta Oshodi kullum ba wurin ajiyar aikin wata uku bace. Abin da zaka rubuta: lamba, abin da aka yi shi da shi, tsawo, rubutun da ke ƙarƙashin gindi harafi da harafi, yanayin tsayuwa, lafiyarsa, daga ina ya zo. Sai ka ja layi ka raba shafin biyu, ɓangare ɗaya "abin da na gani", ɗayan "abin da nake zato ko aka gaya min". Wallahi wannan layin kaɗai ya fi duk wata manhaja amfani, kuma zaka ga dalili in mun zo kan masu jar darar nan.

Masu nauyin nan galibi dalma ce. Ɗauki ɗaya ka duba saman kansa, in kaga ɗan rami kamar na allura kuma bai kai nauyin da idonka ya ba shi ba, toh cikinsa fanko ne. Wannan dabarar William Britain ƙarami ya fito da ita a Landan a 1893, a zuba narkakkiyar dalma a mazubi a juye ta fita tun tsakiyar bata daskare ba, sai ɓawon ya rage, da ita kamfanin Britains ya karya farashin Jamusawa da ke yin nasu dunƙule. Sun daina irin wannan a 1966 saboda dokar hana dalma a kayan wasan yara, kaga kenan in ka tabbatar na Britains ne mai fanko ka san bai wuce wannan shekarar ba. In kuma ka ga wani da jikinsa ya tsattsage kamar busasshen taɓo, waya na leƙowa ta ciki, wannan ba ƙarfe bane, garin katako ne da gam aka matse akan waya, aikin Elastolin ko Lineol na Jamus, tsawonsu wajen santimita 7. Waɗannan su suka fi tsoron damina, wayar na tsatsa ta kumbura ta fasa jikin. Masu faɗi kamar kwabo kuma, gaba da baya kawai babu kauri, irin na garin Nuremberg ne, milimita 30.

Na roba akwai na kamfanin Herald, wanda Britains ta saye a 1959, akwai Timpo, akwai Airfix, sai Deetail na Britains da suka fito a 1971, jiki roba gindi ƙarfe. Ga wani tarko: shekarar da aka buga a ƙarƙashin gindi yawanci shekarar ƙirar ce ba ranar da aka yi wannan sojan ba, zaka ga Deetail mai 1971 alhali an ci gaba da buga su shekaru bayan nan. Don haka 1971 ɗin ta tafi ɓangaren "abin da na gani", kar ka rubuta "an yi shi a 1971". Wanda aka rubuta West Germany tsakanin 1949 da 1990 ne. Masu Hong Kong kuma ka yi hattara, akwai na gaske da manyan kamfanoni suka kai aiki can, akwai kwafi jibgi.

Tsawo ka auna da rula daga tafin ƙafa zuwa saman kai, banda gindi banda hula. Wasu zuwa ido suke aunawa, ba laifi, kawai ka zaɓi ɗaya ka rubuta a shafin farko. Milimita 54 shine 1:32, wato kashi ɗaya cikin 32 na tsawon mutum, ma'aunin Britains, ƙananan Airfix masu kusan milimita 25 kuma 1:72.

Sai guda takwas ɗinka. Na san abin da kake ji, ni ma in naga jar dara raina Boma yake tafiya, inda sojojinmu suka yi yaƙin duniya na biyu. Tarihin kuwa a nan Legas ya fara, a 1863 John Glover ya haɗa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke lissafawa a matsayin asalinsa. A 1897 Lugard ya kafa rundunar yammacin Afirka mai suna West African Frontier Force, wato WAFF, aka ƙara mata Royal a 1928, ta zama RWAFF har 1960. Kayan faretinsu kaki ne da jar dara, jar falmaran mai rawayan baki, da jar ɗamara. Amma fa ba su kaɗai ke da dara ba. King's African Rifles, wato KAR, na gabashin Afirka, su Kenya da Uganda, su ma suna sawa, kuma Britains ta yi saitinsu mai lamba 225, ta kuma yi sojojin Masar da na Sudan da na Faransa 'yan arewacin Afirka, duk masu jan abu a ka. Kuma guda takwas ɗin da ka ƙirga shine adadin da Britains ta saba zubawa a kwali ɗaya na sojan ƙasa, wannan ya sa nake zaton saiti ne cikakke, wanda abin farin ciki ne ko na wace runduna ce. Abin da zaka rubuta a ɓangaren gani: "jar dara, kaki, bindiga a kafaɗa, akwai falmaran ko babu". A ɓangaren zato: "wataƙila RWAFF, wataƙila KAR". Maganar Baturen Ikoyi ma can zata je, ka rubuta wa ya gaya maka da yaushe, kuma in akwai tsohuwa a gida da ta san labarin ka je yau ka zauna da ita da littafinka.

Hoto uku kowanne, gaba, baya, ƙarƙashin gindi, ka ajiye rula da takardar lambar a gefensa su fito a hoton, sunan fayil ɗin kuma ya zama lambar. Bakin taga da safe ya isa, ba sai da filasha ba.

Ma'ajiya kuma, fitar da su daga gwangwanin, suna gogar juna kuma shi kansa yana tsatsa. Samu robar ajiyar abinci mai murfi, ka naɗe kowanne daban a farar takarda mai laushi, banda jarida, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa canza su musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Na dalma daban, na roba daban, na robar ma masu laushi kar su jingina da masu tauri don suna iya narka juna, kuma banda rana. Kar ka jera na dalma a kabad ɗin sabon katako ko filawud mai warin gam, tururin da ke fita mai kama da binega in ya haɗu da laima shi ke cin dalma, sai kaga wani farin gari na fitowa a jikin soja yana marmashewa. In kaga haka ka ware shi, ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka canza wa sauran wuri. Garin nan guba ne, mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an ja mana kunne ba, kar yaro ya taɓa, kai ma ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake share ta, babu ruwa babu Omo.

Wanda fentinsa ya biyo salatif ɗin nan kar ka yar da salatif ɗin, saka shi a leda da lambar sojan, ka rubuta a layinsa cewa fentin baya ya ɗago a rana kaza. Sannan ka turo min hoton ƙarƙashin gindin guda takwas ɗin da na gabansu, mu duba ko da falmaran.