Tambaya da Amsa: Wace fulawa ce za ta jure ranar tsakar gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Tsakar gidana rana ce tun safe har la'asar, ƙasar duk yashi, ruwa kuma sai mun saya wajen 'yan garuwa. Duk fulawar da na sayo sai ta bushe. Akwai wadda za ta yi shekaru ba tare da ta yi tsayi ta rufe min taga ba? Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Toh ki nemi fulawar kariya, tamu ta gida, wadda masu saida fulawa ke kira Adeniyum. A daji take fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan zuwa Yaman, kin ga kuwa ranar Katsina ba baƙuwarta ba ce. Gindinta mai kauri ne, a nan take ajiye ruwa, shi ya sa da hunturu za ki ga ta zubar da ganye ki zaci ta mutu, ashe fure za ta fitar, ruwan hoda mai kyau a lokacin da komai ya bushe.

Abin da ke kashe ta wallahi yawan ruwa ne, mutane su yi ta zuba mata safe da yamma don so, sai saiwar ta ruɓe gindin ya yi laushi. Ki bari ƙasar ta bushe ƙarau kafin ki ƙara. Da damina ma ki bar ta da ruwan sama, amma kar ki dasa ta inda ruwa ke kwanciya ko ƙarƙashin indararo. In a tukunya ce ki huda gindin tukunyar sosai, yashi ya fi yawa, takin gargajiya ɗan kaɗan wanda ya ruɓe.

Dasawa ba wuya. Ki yanko reshe ki ajiye a inuwa kwana 3 zuwa 5 bakin yankan ya bushe tukuna, sannan ki kafa a yashi. Ni dai na fi son iri, don wadda ta tsiro daga iri ita ke yin wannan ƙaton gindin. 'Ya'yanta biyu-biyu suke fitowa kamar ƙahon saniya, ki ɗaure su da zare kafin su fashe, in ba haka ba iska ta kwashe irin don gashi gare shi. Maganar tsayi, ba ta saurin girma, kuma in kina rage mata kai za ta zauna gajera ta yi rassa.

Amma dan Allah ki kula, ruwan jikinta guba ne mai taɓa zuciya, da shi mutanen dauri ke shafa wa kibiya dafi. Ki sa safar hannu ko leda in za ki yanka, kar ya shiga ido, ki wanke wuƙar da sabulu, kuma ki dasa ta inda yara da awaki ba sa kaiwa.